Farantin Mista Celestine Ya Tafi Coci

"Citta! Hulda, citta ka shanya a kan na'urar tauraron ɗan'adam?"

"To ina zan shanya? Ka hana ni tsakar gida, ka hana ni bayan kicin. Abin nan yana da faɗi, yana da ɗumi, kwana biyu citta ya bushe."

"Wannan abin yana magana da sama!"

"Ni ma ina magana da sama kowace safiya, Baban Azariya. Ba wanda ya yi mini shinge."

Katangar da ta raba gidansu da na maƙwabta bulo ɗaya ce, saboda haka duk layin ya karya kumallo da wannan faɗa. Amma a yi wa Mama Hulda uzuri. Ba kowace mace ce Allah ya ɗora wa nauyin zama da babban mutum ba.

Babban mutum kuwa, Mista Celestine Kumai ke nan. Shekara talatin ya yi a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan yana ɗaga tuta, jirgi ya zo ko bai zo ba. Da ya yi ritaya sai duniya ta yi masa butulci, ta ci gaba da tafiya ba tare da ta jira tutarsa ba. Ana haka ɗansa Azariya ya aiko masa da kwali daga Kanada. A ciki akwai wani farin faranti kamar tiren shayi, wanda ke jawo intanet daga taurarin ɗan'adam. Umarnin Azariya ɗaya ne: a ajiye shi inda zai ga sama, kada wani abu ya rufe shi. Iyakar ilimin ke nan. Ƙaramin mutum da sai ya ajiye, ya riƙa gaisawa da jikokinsa. Mista Celestine kuwa ya kafa hukuma.

Cikin mako guda allo ya hau ƙofar gida: CIBIYAR SADARWA DA BINCIKEN SARARIN SAMANIYA TA KUDANCIN KADUNA, HEDIKWATA. A ƙasa: Injiniya C. Kumai, Darakta-Janar. 'Yan acaba suka laƙaba masa Sarkin Sama. Da labari ya kai masa bai yi fushi ba, illa ya roƙa a riƙa fara sa "Injiniya".

Ya zagaye tsakar gida da igiya, ya ce yankin tsaro ne. Kaji, citta da Mama Hulda, duk aka kora waje. Kullum da safe sai ya sa hular kwanon acaba da tsohuwar rigarsa ta tasha mai ƙyalli, ya tsaya gaban faranti, ya ɗaga wa sama koriyar tuta.

"Na bakwai da rabi ya wuce," zai ce wa masu zuwa neman netwok. "Ya makara minti biyu. Zan rubuta musu. Ku kuna ganin dutsen Kagoro yana da tsawo? Sigina na yana wuce Kagoro, ya ce masa sannu da zama. Masu zuwa wata ma, layi ɗaya muke amfani."

Faswod kuwa sai ga wanda ya iya gaisuwa. Shi ma ba a faɗa masa. Injiniya zai karɓi wayar, ya juya baya, ya danna da kansa, kamar mai ƙulla laya.

Mutane sun ɗauka sama yake nema. Ina! Abin da Sarkin Sama ke nema yana nan ƙasa, ƙafarsa huɗu, da matashi ja: kujerar dattijon ikkilisiya, wadda ke fuskantar jama'a a gefen bagade. Mahaifinsa ya mutu yana kaɗa ƙararrawar cocin nan, mazauninsa benci na ƙarshe, kusa da tsintsiya. Sau uku Mista Celestine ya tsaya zaɓe, sau uku Abednego Zamani ya kayar da shi. Kafinta! Mutumin da bai yi wa Ubangiji komai ba sai rufe cocin da sabon kwano.

Bana zaɓe ya faɗo mako guda bayan godiyar kaka. Sai Injiniya ya miƙe a lokacin sanarwa, ya yi alkawarin cewa 'ya'yan ikkilisiya da ke Legas, Kanada da duk inda ɗan'adam ya taka za su kalli sujadar godiya kai tsaye.

Da ya dasa farantin a filin coci ya ja waya, da magana ta ƙare. Amma wa zai gan shi a fili? Ya yanke shawarar shiga da shi cikin jerin masu godiya, da rawa, har gaban bagade.

"Baban Azariya," in ji Mama Hulda, ta katanga muka ji, "abin da aka taka rawa da shi zuwa gaba a ranar godiya, baiko ne ga Allah. Ba ya dawowa gida. Ka tuna akuyan maƙwabciyarmu Faustina."

"Kana gwada kimiyya da akuya?"

Ba ta ƙara ba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Ranar Lahadi Zumuntar Mata suka saki kiɗan tulu da kacau-kacau. Doya ta shiga, buhunan citta suka shiga, kaji, acca, bunsuru guda, da ɗan alade da aka bari a bakin ƙofa saboda ra'ayinsa ya yi yawa. Sai da kowa ya zauna Sarkin Sama ya bayyana, faranti a ka, an yi masa ado da leshi, yana taku uku gaba biyu baya. Guɗa ta tashi. Ya ɗora shi a saman tulin doya, ya jona waya, ya juyo ya fuskanci jama'a. A karon farko a rayuwarsa ya ga yadda coci take daga gaba. Ta yi masa kyau ƙwarai.

Faranti ya farka. Ya karkata hagu, ya karkata dama, yana neman sama. Abin da ya samu kwanon Abednego ne, aikin kirki, ko hujin allura babu. Ya ƙara dubawa, ya haƙura.

"Akwai gosulo a sama," in ji Injiniya. "Yau Lahadi, kowa yana kan layi."

Ya zaro koriyar tuta ya ɗaga wa silin. Bunsuru ya amsa.

Rabaran Eli, tsoho mai taushin zuciya, bai san ana jiran wani sigina ba. Shi dai ya ga abu a kan doya. Ya ɗora hannu a kai, ya fara addu'a.

"Ya Ubangiji, wasu sun kawo daga gona, wasu daga garke. Wannan bawanka ya kawo abin da ya fi ƙauna a duniya, kamar uban nan da ya hau dutse da tilon ɗansa. Ka karɓa!"

Mista Celestine ya san ƙarshen wancan labari. Ya tsaya yana jiran muryar da za ta ce a dakata. Ga ma bunsuru a kusa. Muryar da ta zo ta Mama Hulda ce, daga layin Zumunta, da Amin ɗin da ya fi na kowa tsawo.

Ranar Litinin Abednego ya jingina tsani, ya kafa farantin a ƙololuwar rufi, ya sa sabon faswod. Netwok ya kawo har bakin titi. Tsofaffi suka ga jikokinsu, suka yi kuka, suka sa wa kafinta albarka. Ranar zaɓe aka sake ba shi jan matashi, karo na huɗu.

Yanzu citta ta rufe tsakar gidan Kumai daga katanga zuwa katanga, igiyar tsaro kuma an shanya zannuwa a kai. Allon dai yana nan. Jiya Malama Bernice, sakatariyar coci, ta zo wucewa, ta tarar da shi tsaye a ƙofa da hular kwano.

"Malama," ya ce da ƙarfi, don layi ya ji, "ka sanar wa jama'a mun faɗaɗa aiki. Coci reshe ne. Nan ne hedikwata."

Ya waiga ciki, ya waiga titi, ya miƙo mata wayarsa a hankali.

"Wannan faswod da kafinta ya sa, danna mini shi nan. Ina so in duba ko ya yi daidai."