Takalmin Hagu da Kiranyen Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a tsakar gidanmu cikin kakin soja ba, ƙafar dama da takalmin aiki, ta hagu da silifa, ina tuhumar matar da ta goya ni.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a rundunar soja. Da sunana ya fito cikin waɗanda za a tura aikin wanzar da zaman lafiya a wata ƙasa mai sahara, sai aka ɗebe mu horo. Allurar rigakafi kam mun sha ta har kafaɗa ta daina ɗaguwa, amma abin da ya fi zama mini a kai shi ne darasin tsaro. Ogarmu kullum maganarta ɗaya: kada ki yarda da kowa, duk wanda ya sauya hali to akwai dalili. Na haddace wannan tsaf, sai dai ban tambaya ba ko dokar ta haɗa da ƙauyenmu.

Aka ba mu ɗan hutu mu yi sallama da gida, na nufi ƙauyenmu da ke gefen Kunci. Damina ce, gero ya kai ƙugu, gonaki sun haɗe har bakin katanga. Na tafi da kakina da takalmina saboda Baba ya ce lallai ranar addu'ar tafiyata in saka mutane su gani. Takalmin nan kuwa ba abin wasa ba ne. Ranar komawa bariki za a baje kayan kowa a duba, wadda nata bai cika ba tana iya ganin jirgi ya tashi ya bar ta, ga masu jiran gurbi a layi.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, kuma Uwata take kirana don sunan kakata aka sa mini. Tun da na shiga soja ba ta taɓa ɓoye ƙin abin ba. Na zo da shirin rigima, har na tanadi amsoshi. Da na gaya mata tafiyar, sai kawai ta ce, "To, Allah ya tsare." Ta ci gaba da tsince wakenta.

Nan take na ji muryar Oga a kunnena. Gwaggon da kan yi mako tana mita idan aka ƙara gishiri a miya, yau ita ce da "Allah ya tsare" kawai?

Na fara sa ido. Na lura duk inda na gifta ƙafata take kallo. Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, na leƙo ta taga na hango ta durƙushe kusa da randa, daidai inda na taka, tana ɗora tsinken tsintsiya a kan sawuna. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san me ake yi da sawun mutum: kiranye, a juyo da kai gida ko kana bangon duniya. (Ni da nake yi wa marasa lafiya faɗa a kan camfi, ku ji fa.)

Washegari ta hau babur ta tafi garin Bici da baƙar leda, matar da ko suna sai an roƙe ta take fita. Ta dawo ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Daga ranar na daina shan furarta, na ce wai cikina ne. Ta dube ni ta ce, "Uwata, ke da kike ba mutane magani?" Na ce a raina, ai na gano ki.

Ranar addu'a da safe na buɗe jaka, takalmin hagu ya yi ɓatan dabo. Na zazzage komai, na leƙa ƙarƙashin gado, har rumbu sai da na duba. Tsoro ya kama ni, haushi ya biyo baya. Shekarun da na yi ina neman wannan dama, a ce takalmi ɗaya ne zai hana ni?

Malamai suna zaure tare da Baba, mata sun cika tsakar gida ana rabon waina. Na saka kaki, na ɗaure takalmin dama, na zura silifa a hagu, na fito tinƙis-tinƙis. Da muryar fareti na ce, "Gwaggo! Ina takalmina?"

Maimakon in tsaya nan, sai bakina ya ƙwace. "Na gan ki kina auna sawuna. Na san abin da ya kai ki Bici. Wallahi duk malamin da kika kai wa, ki gaya masa tafiya ba fashi, kiranye ba ya kama soja!"

Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi!" Baba ya leƙo daga zaure da carbi a hannu.

Gwaggo ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da takalmin da baƙar ledar nan. Ta zazzage ledar a kan tabarma: kwarashi, ragowar zaren ulu, da safa guda biyu, kore shar da ratsin ruwan hoda.

"An ce mini ƙasar da za ki, rana ƙuna, dare kuma sanyi har ƙashi," in ji ta. "Ke kuma tun kina yarinya ta ƙafa sanyi ke kama ki. Na auna da tsinke, ta farko ta yi kaɗan. Shi ne na ari takalmin in gwada ta biyun a ciki. Rabona da sanin girman ƙafarki tun ina wanke miki ita."

Ta miƙo mini takalmin, ta ƙara da cewa, "Kiranye kuma, Uwata, in ina son ki dawo ba sai in buga miki waya ba?"

Mata suka kwashe da dariya, har da mai riƙe ciki. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Sai a lokacin na ga idanunta sun yi ja saboda saƙa, matar da ko zare ba ta iya sa wa allura sai an taya ta. Na durƙusa a gabanta da kakin da komai, ina ba ta haƙuri ina kuka. Ta ce in tashi kada in ɓata kayan gwamnati, sannan ta sa aka dama mini fura, ta tsaya a kaina sai da na shanye.

An duba kayana a bariki, komai ya cika, jirgi ya tashi da ni. Sanyin kuma gaskiyar Gwaggo ne. A tantin da muka mayar asibiti, abokan aikina sun yi ta tsokanar safar nan, ɗaya ta matse ni, ɗaya ta kusa kai gwiwa. Ban taɓa fasa sakawa ba.

Abin da na koya shi ne darasin Oga na bakin shingen bincike ne, a can ya kamata in bar shi. Amma har yau ban janye zargina duka ba. Duk ranar da na zura ƙafa cikin safar nan, ba abin da nake so kamar in ga kaina a tsakar gidanmu. Kiranyen ya kama ni sarai, da kwarashi aka yi shi.