Ranar da Na Ba da Gidan Ummu Basil Tana Ciki

Matso nan kusa, 'yar uwa, wannan ba labarin ɗaga murya ba ne. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa tsohuwar mutane sallama, na kuma ba da gidanta, alhali tana zaune a ciki tana shan shayi.

Lokacin muna Riyadh, a unguwar Malaz. Maigidana direba ne a wani kamfanin gine-gine, ni kuwa ina gida: girki, keken ɗinkina, sai rediyo. Bokona bai wuce aji huɗu ba, amma kunnena ko maƙiyina ya san yana aiki. Larabcina duk a bakin ƙofa da wajen mai kayan miya na tsince shi. Labaran duniya kuma a waya nake saurare da Hausa, safe da rana (har sunayen ministocin ƙasashen da ban san inda suke ba na haddace).

Mu muna hawa na biyu. A ƙasa akwai Ummu Basil, wata dattijuwa Bafalasɗiniya da ke zaune da ɗanta Basil da matarsa. Ita ta koya mini naɗe shinkafa a ganyen inabi, ni kuma na koya mata yaji, ta ci ta yi tari har da hawaye, ta ce a ƙaro. Ba ta kirana da suna, sai "jarti", wato maƙwabciyata. Gidanta kuwa kowa a benen yana haɗiyar yawu a kansa: ba matakala, ga ɗan fili a baya inda ta shuka na'ana'a.

To, a wannan ɗan tsakanin sai rediyo ta ɗauki zance ɗaya. Wai Turawa, Faransa a gaba, sun kira babban taro, ƙasashe rututu, don a dawo da Isra'ila da Falasɗinawa kan maganar sulhu. Ni a Ɗanbatta na tashi. A garinmu idan rikicin gona ya kai manya suka shimfiɗa tabarma suka aika kira, magana ta ƙare. Wa ya isa ya ƙi zuwa? Wa ya isa ya tashi bai ba da hannu ba? Sai na ce a raina, idan dattawan unguwa ɗaya suna kashe magana kafin la'asar, ina ga shugabannin duniya guda? Shi ke nan, Ummu Basil ta kusa komawa gida.

Na yi mata murna, Allah Ya sani. Amma murnar ba ta yi minti biyar ba na tuna da Anti Rabi, 'yar garinmu da ke unguwar Naseem, hawa na uku, ba lifta, ga ciwon gwiwa. Ta daɗe tana roƙona in sa mata ido kan gidan ƙasa. Na ɗauki waya.

"Anti, kin ji labarai?"

"Wane labari kuma, uwar rediyo?"

"An kusa sulhu. Mutanen gidan ƙasa na benenmu za su koma garinsu. Gida ya samu!"

"Ke, da gaske? Sun faɗa miki?"

"Sai sun faɗa? Duniya ce ta faɗa."

Da maigidan ya dawo na ba shi labari, ya dube ni ya ce, "Ke dai ki bar Turawa da taronsu, ki zubo mini tuwo." Na ce da shi mutumin da ke yini a mota yana jin waƙa me ya sani a siyasar duniya (Allah Ya yafe mini wannan maganar).

Kashegarin taron, bayan la'asar, na yi wanka na haɗa guzuri irin na mai tafiya: kwalbar yaji babba, turaren wuta, da mayafin da na yi wa aiki da hannuna. Na sauka na ƙwanƙwasa. Ashe tana da baƙi, ƙawayenta biyu, ga surukarta tana zuba shayi. Na ce madalla, ga shaidu.

"Mabruk, ya Ummu Basil! Barka, barka!"

Ta ɗago gira. "Allah Ya yi miki albarka, jarti. Wa ya haihu?"

Na dire kayan a gabanta, na tattaro Larabcina kaf na yi jawabi. Na ce na ji Turawa sun yi taro, na ce za mu yi kewarta, na ce idan ta isa ta gaishe da dangi, yajin kuma ta riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan don ya kai ta shekara. Ɗaya baƙuwar ta tsaya da kofi a bakin leɓe. Ni kuwa na ɗauka daɗin maganata ne ya kama su, har na ƙara da addu'ar tafiya.

Sai ƙararrawa ta yi ƙara.

Anti Rabi ce. Da ma na gayyato ta, na ce mata ta hau wajena tukuna, amma mai ciwon gwiwa me zai kai ta sama ga gidanta a ƙasa? Surukar na buɗe ƙofa ta shigo tana haki, tef ɗin awo rataye a wuya a kan abaya. Ta gaisa sama-sama, ta leƙa kicin, ta leƙa filin baya, ta dawo ta ce mini da Hausa, da ƙarfi, "Kai, ya yi! Na'ana'ar nan dai cire ta zan yi in sa injin wanki." Sannan ta juya wajen mai gidan da murmushi, ta saki Larabcinta na kasuwa: "Shukka kwayyis! Mata safar?" Wato gida ya yi kyau, yaushe tafiya?

Ba ta jira amsa ba ta nufi taga ta ja tef.

'Yar uwa, na nemi ƙasa ta tsage, tayil ne, ya ƙi. Surukar ta dube ni, fuskarta ta yi ja, ta ce, "Wace ce wannan? Me take aunawa a gidanmu?" Dole da bakina, da wannan guntun Larabcin, na bayyana cewa na yi wa gidan sabuwar mai shiga. Ina magana ina jin shekara huɗu na gaisuwa da musayar kwano suna zubewa.

Ummu Basil ta daɗe tana kallona. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce, har tana dafa ƙirji.

"Zauna, jarti," ta ce. "Tun Basil yana goye nake jin za a zauna sulhu. Yanzu furfura ce a kansa. Ke ce maƙwabciya ta uku da ta yi mini sallama. Ta Sudan ta tafi, ta Masar ta tafi, ni na raka su bakin mota."

Ta ce garin da nake cewa za ta koma, kusa da birnin Yafa yake, cikin Isra'ila ta yau, kuma ba ta taɓa ganinsa ba. A sansanin gudun hijira aka haife ta. Ni duk zaman nan na ɗauka tana da ɗaki a kulle yana jiranta, kamar nawa a Ɗanbatta. Ban taɓa tambaya ba.

Kin san halina, ko a cikin kunya son sani ba ya barina. Na ce, "To, Ummu Basil, a taron na jiya wa ya fara miƙa hannu, naku ko nasu?"

"Babu namu a ɗakin, babu nasu."

"To su wa aka sulhunta?"

"Baƙin," in ji ɗaya ƙawar. Suka sake fashewa.

Anti Rabi dai tana tsaye jikin taga, tef a hannu, tana raɗa mini, "Me suke cewa? An fasa ne?" Ummu Basil ta yafito ta, ta ce ta ƙarasa awon, kada wahalarta ta tashi a banza. Labulen ya tsufa, tunda ga mai awo ga mai keke, sai a ɗinka mata sabo. Haka Anti ta auna tagogi uku tana hararata, ni ina rubutawa a bayan kwalin shayi.

Da zan fita na tambaye ta wane irin yadi take so. Ta riƙe hannuna, dariyar ta ɗan ja baya, ta ce, "Mai kauri, jarti. Wanda zai daɗe."

Kwana huɗu na yi a kan keke, ban kunna rediyo ba ko sau ɗaya. Ranar da na rataya mata shi ta aiko mini da kwanon ganyen inabi, na san an yafe mini. Anti Rabi kuwa sai da ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayata.

Tun daga nan, idan na ji manya sun taru a kan maganar wasu, nakan fara sauka ƙasa in tambayi mai maganar kafin in kira kowa. Amma abu ɗaya har yau ya tsaya mini a rai, kuma ke da kika yi boko wataƙila kin sani: in masu faɗan ba sa ɗakin, shin wa ake cewa ya yi haƙuri?