Ranar da Na Shafa wa Birki Mai

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar sunan ɗan Rabi na biyu, kuma ko na so in manta, mutanen layinsu a Dutse ba za su bar ni ba. Yau shekara shida ke nan, amma duk ranar da na tuna sai kunya ta rufe ni.

Bari in fara da laifin da ya haifi sauran. Rabi 'yata ce ta uku. Lokacin da Nasiru ya zo neman aurenta ban so ba, ba don komai ba sai don bakanike ne. Ni da karatuna ya tsaya a firamare, na yi shekara talatin ina masinja a ƙaramar hukuma, ina kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, wai ni ne nake raina mutum saboda farcensa baƙi ne. Na ce wa mai ɗakina ma'aikaci nake so wa yarinyar. Ta ce, "Malam, ai kai ma ma'aikacin ne, ga mu nan dai." An yi auren, kuma yaro bai taɓa yi min abin da zan riƙe ba. In ya zo gaishe ni tun daga bakin zaure yake cire takalmi ya durƙusa. Duk da haka, da na yi ritaya na sayi 'yar tsohuwar motata, na ƙudura a raina ba za ta taɓa shiga garejinsa ba, don kada a ce na dawo neman hannun da na raina.

Ana saura kwana uku suna, motar ta fara gurzar ƙarfe duk lokacin da na taka birki. Wani direba maƙwabcinmu ya saurara ya ce fatar birkin gaba ce ta cinye. Na zauna na yi tunani. Kanikawan Dutse duk sun san juna, in na kai wa wani, kafin la'asar Nasiru ya ji cewa surukinsa ya tsallake shi. In na kai masa kuwa, na karya abin da na ƙudura. Sai na ga hanya ta uku, wadda na ɗauka wayo ce: in yi da kaina.

Na sayo fatun, na nemo bidiyo a waya, wani Bature yana canjawa cikin minti goma da hannunsa fes (ban ji ko kalma ɗaya daga abin da yake faɗa ba, amma ina ta gyaɗa masa kai). Ni wuni guda na yi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Na ɗaga mota da jak, na kwance taya, na ɓarke yatsa a noti na biyu. Wurin da Baturen ya sa wani ƙarfe na musamman ya tura abin da ke matse fatar, ni ƙotar fartanya na sa. Kuma abin mamaki, aikin ya yi. Na mayar da taya, na taka birki sau da yawa har ya yi tauri, na zagaya gari, mota tana tsayawa cak. A ranar, da wani ya kira ni injiniya, da na amsa.

Matsala ɗaya ce: sabuwar fatar tana ƙara. Da na taka sai ta yi wata tsuwa mai shiga haƙori, har awaki su ɗaga kai. Direban nan ya ce in bar ta, kwana biyu za ta daina. Ni kuwa abin da nake hangowa shi ne in isa ƙofar gidan bakanike ranar suna, a gaban danginsa da abokan sana'arsa, motata tana wannan kuka.

To, ni ɗan ƙauye ne, manomi tun kafin aikin gwamnati da bayansa. A wurinmu duk ƙarfen da ya yi kuka mai yake nema. Amalanken shanu in ya yi ƙara, mai. Ƙyauren gida, mai. Sarƙar keke, mai. Mai ɗakina tana can gidan mai jego tun ranar haihuwa, don haka babu mai tambayata me nake yi. Da na fito daga sallar asuba ranar sunan, na ɗauko gwangwanin baƙin man da nake sa wa amalanke, na sami gashin kaza na tsoma, na zura shi tsakanin ƙarfen taya na shafe faifan birki da fatar, hagu da dama, ban yi rowa ba. Na gwada a kan yashin ƙofar gida. Shiru. Ban lura yashin ne ya tsayar da motar ba.

Na ɗauki yayana, Yaya Sale, muka kama hanya. Titi babu kowa, ni kuma dama ba mai gudu ba ne. Sau ɗaya na taka birki na ji motar ba ta kula ni sosai ba, na ce wa kaina sabuwar fata ce, sai ta zauna. Yaya Sale har yana yabo: "Kai, Garba, yau motar nan ta yi hankali. Wa ya taɓa ta?" Na ce, "Wani ƙwararre."

Layin su Nasiru gangare ne, daga gindin duwatsu yake sauka. A ƙasan gangaren an shimfiɗa tabarmi, maza sun zauna, ga faranti na goro da dabino, ga takalma jere a gefe. Na karyo kwana, na taka birki. Ƙafata tana jin tauri, mota tana tafiya. Na ƙara takawa da duk ƙarfina, har na ɗaga daga kujera. Yaya Sale ya ce, "Tsaya mana, mun zo." Na ce, "Ina tsayawa." Ya ce, "Ba ka tsayawa!" Sai ya leƙa ta taga yana ihu, "Ku tashi! Jama'a ku tashi!"

Na ga manyan riguna suna watsewa ta ko'ina. Liman ya tsallake kwata kamar saurayi. Mutum ɗaya ne bai iya tashi ba, Alhaji Musa, mahaifin Nasiru, da yake ƙafa ta daɗe tana damunsa. Ina kallon fuskarsa ta gilashi, yana kallona. Nasiru ne ya sunkuce shi kamar buhu suka faɗi gefe tare. Motar ta bi ta kan tabarmar da yake zaune, ta murƙushe farantin goro da takalman bayin Allah, sannan ta kafe hancinta a tulin yashin ginin maƙwabta.

Babu wanda ya ji ciwo, Allah ne kawai ya tsare. Mutane suna ɗauka wannan ce kunyar da nake nufi. Ba ita ba ce.

Da hankali ya dawo, aka kewaye motar. Nasiru ya fara zuwa ya durƙusa ya ce, "Baba, ba ku ji ciwo ba?" Sannan ya kwanta ya leƙa bayan taya. Na ga ya shafa da yatsa, ya sansana, ya zaro wani abu ya dunƙule a hannunsa ya tura aljihu. Gashin kazata ne. Ya miƙe ya ce wa jama'a, "Mai ne ya hau kan fatar. Yakan faru."

Sai wani ya ce, "To wane bakanike ne ya yi wannan aikin? Ai wannan kisan kai ne." Idanu suka koma kan Nasiru. Wa zai yi zaton mutum yana da suruki bakanike ya kai motarsa wani wuri? Alhaji Musa, yana karkaɗe ƙasa daga hularsa, ya ce, "Nasiru, motar surukinka ma ba za ka tsaya ka yi mata aikin kirki ba? To ta wa za ka yi wa?" Abokan sana'arsa suna nan, masu kawo masa gyara suna nan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, Baba."

Ni kuma na tsaya da babbar rigata, bakina a rufe. Yaya Sale ya dube ni, na dubi yashi. Aka gyara tabarmi, aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna, na shafa fatiha da hannun da har lokacin yake warin baƙin mai.

Kwana uku na yi da wannan shirun. Na huɗu mai ɗakina ta dawo, ta ajiye kayanta ta ce, "Rabi ta ce mutum biyu sun je sun ɗauke motocinsu daga garejin Nasiru. Shi kuma ya hana ta yin maganar." Ta tsaya tana kallona, irin kallon matar da ta yi shekara arba'in da mutum.

Washegari na hau motar haya na shiga Dutse. Na fara zuwa wurin Alhaji Musa na faɗa masa komai. Ya ce, "Malam Garba, ni na yafe tabarma. Yaron za ka nema." Na wuce gareji, inda ban taɓa taka ƙafa ba. Motata tana can gefe an sa mata sababbin fatu, an wanke faifan. Nasiru ya taso zai durƙusa, na ce ya tsaya. Na ɗaga murya yadda duk na wurin za su ji, na ce ni na canja fatar da hannuna, ni na shafa mata man amalanke da gashin kaza, Nasiru bai taɓa ganin cikin motar nan ba sai ranar.

Wani dattijon bakanike ya ajiye sifanarsa ya ce, "Baba, maimaita wurin kazar." Aka fashe da dariya, wani har yana kwanciya a kan bonet. Nasiru kaɗai ne bai yi ba. Ya ce, "Baba, da kun bari, ai ya riga ya wuce." Na ce, "A wurinka ya wuce." Sai ya ce, "Amma gaskiya ɗaurin ya yi daidai, babu notin da ya kwance." (Har a nan ma neman inda zai rufa min asiri yake.)

Ɗaya daga cikin masu motocin nan ya dawo masa, ɗayan bai dawo ba, kuma wannan yana kaina har gobe.

Abin da na koya bai da yawa. Jahilcin da ya sa na shafa man, mutane sun yi dariyarsa sun wuce. Shirun da na yi ina sane shi ne yake hana ni sakewa. Sannan na gane in dattijo ya ƙi jin 'yar ƙaramar kunya a gaban mutum ɗaya, to ya shirya jin babba a gaban unguwa guda, wataƙila har da liman a cikin kwata.