Nomau Yana Jiran Ciyawa

A ƙauyen Tsamiyar Dogo an yi wani mutum wai shi Nomau. Ba ya faɗa da kowa, sai dai fa abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Gidan daga shi sai matarsa Tabawa, sai 'yar gonar gero da ubansa ya bari a hannun wansa. To, ciwon baya ya kama shi, ko takalmi ba ya iya sunkuyawa ya ɗauka. Wansa Shekarau ya ce, "In damina ta faɗi ba ka yi shuka ba, zan ba wani gonar nan." Maganar ta tsaya wa Nomau a rai ƙwarai, don a gonar ya tashi.

Wata rana Tabawa ta tura shi wurin Likita Liyu, wani ɗan ƙasar Sin mai duba ma'aikatan titi, wanda ya daɗe har Hausa ta zauna a bakinsa. Likita ya ce zai koya masa yoga, wato miƙe gaɓoɓi da jan numfashi a natse. "Tsaya da ƙafa ɗaya kamar bishiya. Kada ka sauke sai na ce." Sai aka kira Likita, wani ya ji ciwo. Tun hantsi bai dawo ba sai dab da azahar, ya tarar da Nomau ƙiƙam, gumi sharkaf.

"Bawan Allah, har yanzu?"

"Ai ba ka ce ba, Likita."

Wata rana cikin sanyi Likita ya ce masa, a wurinsu kowane lokaci na shekara da sashen jikin da ake lallaɓawa. "Sanyi lokacin ƙoda ne. Ka rage motsi, ka zauna shiru kamar iri a cikin ƙasa." Nomau ya koma gida ya haƙa rami a bayan ɗaki, ya shiga har ƙugu, ya mayar da ƙasa. Tabawa ta fito ta yi salati.

"Malam, wa ya binne ka?"

"Ni ne. Ko za ki ɗan yayyafa mini ruwa?"

Sai da ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta tono mijinta.

Wata rana kuma Likita ya ba shi takarda mai jerin watanni. Tabawa ta karanta masa: watan huɗu lokacin hanta ne, a riƙa miƙa a tsakanin sababbin ganye. Watan huɗu fa, a nan! Rana kamar ta gasa mutum, ko'ina ƙurmus. Kore ɗaya ne a ƙauyen, lambun albasar mai unguwa. Nomau ya je ya baje a tsakiyarsa, ya miƙa gabas ya miƙa yamma, ya kwantar da komai. Da sanda aka rako shi.

Likita ya karɓe takardarsa. "Laifina ne, waɗannan lokutan ƙasarmu ne. Kai dubi taka ƙasar. Ci gaba da miƙa, amma kada ka sunkuya wa aiki sai ka ga sabuwar ciyawa ta fito."

Wata rana ruwan farko ya sauka, ɗan kaɗan, kowa ya ɗauki iri ya nufi gona. Nomau ma ya je, ya duba ƙasa, ya shimfiɗa tabarma yana jan numfashi. Shekarau ya iso a fusace.

"Kai, tashi ka yi shuka!"

"Yaya, ciyawa ba ta fito ba."

"To, ina gama tawa zan miƙa wa wani taka."

Tabawa ta yi kuka ran nan, ta roƙe shi, ya ce shi dai bai ga ciyawa ba. Kafin Shekarau ya gama tasa sai ruwa ya ɗauke. Kwana ashirin ba ko ɗigo, shukar ƙauyen ta ƙone ƙurmus, irin mutane ya tafi a banza.

Da ruwan gaske ya zo, kwana uku ƙasa ta yi kore. Iri kuwa yana rumbun Nomau ba a taɓa ba. Da sassafe Shekarau ya yi sallama, kansa a ƙasa don kunya, ya ajiye ƙwaryar roƙon iri a gaban ƙanensa, bai ko ambaci gona ba. Nomau ya sunkuya har ƙasa ya ɗauki ƙwaryar, bai ce wash ba. Tabawa ta rangaɗa guɗa don murna.

"Ga iri, Yaya," in ji Nomau, bayan ya ciko ƙwaryar daga rumbu. "Yi sauri ka je. Ni ma tawa gonar zan tafi, ciyawa ta fito."