Zoɓo Mai Ido

Ba zan taɓa mantawa da zoɓon Babbar Sallar bara ba, wallahi har yau in na tuna sai na ji kamar in shige ƙarƙashin gado.

A gidan Anti Rabi nake zaune a unguwar Glenwood, can ƙasar waje, saboda makaranta, kuma ina da tankin kifi na gilashi a ɗakina: murjani, kifaye biyu masu ruwan lemo, kaguwa ɗaya, da dawakan teku biyu (ƙananan kifayen nan masu kai irin na doki), 'yan gatana. Tun ranar farko Anti ta kafa sharaɗi: "Ranar da ƙarnin abin nan ya shigo mini kicin, shi da ke ku san inda za ku."

To su dawakan nan 'yan rainin hankali ne. Kafin su gama kallon abinci, kifayen sun wawushe. Kuma ba sa cin komai sai ƙananan jatan lande. Sai na yi dabara, nake daskarar da jatan landen a farantin ƙanƙara don in riƙa ba su nasu daban, in ɓoye can ƙasan firizar Anti (ni a dole mai basira).

Ranar Sallah falo ya cika. Anti ta ce in sa wa zoɓo ƙanƙara. Hannu ɗaya na kan waya ina ɗora hoton kwalliyata a sitatus, ɗayan ya zaro faranti ya juye a jug. Zoɓo ja wur, wa zai gani? Har da rangwaɗa na zuba wa Alhaji Sani, dattijon da kowa ke jin nauyinsa.

Ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Ya ɗaga kofin saitin taga.

"'Yata, zoɓon nan naku yana kallona."

Jama'a, ga jatan landen nan suna yawo a sama, kowanne da baƙin idonsa! Wata Hajiya 'yar Kumasi ta ce, "Ei, shito aka sa a ciki, yajin nan namu mai jatan lande?" Ni kuwa bakina (Allah ya shirye shi) sai cewa ya yi, "Ai masu tsada ne, Baba."

Kallo ɗaya kawai Anti ta yi mini.

Washegari tankina ya koma gidan ƙawata, ni dai da ƙyar na tsira da ɗakina. Yanzu sai na hau bas biyu kafin in ga dawakaina, su ko juyowa ba sa yi, marasa kunya.

Abin da na koya dai: kafin ki jefa wa baƙo ƙanƙara, ajiye wayar nan, ki duba ko tana da ido.