Rasuwar Gwaggo Mai Madannai Goma Sha Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗun da suka gaji da dakon abin da ban faɗa wa kowa ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki, da duk wanda ya taɓa hawo benenmu neman takarda, rasuwar abokiyar zamana, kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, cikinta a buɗe, bayan jinyar mako uku. Ta rasu tana da shekara goma sha uku, wanda a danginsu tsufa ne tukuf.

Mai wannan sanarwa ita ce sakatariyar Barista, matar nan da kuke tararwa a bayan ƙofa, gefen taga, da iyafis a kunne. Shekarata talatin da ɗaya a wannan kujera. Da tafireta na fara, har yau yatsuna suna dukan madanni kamar sun yi faɗa da shi, kuma Gwaggo ta jure wannan duka ba ta taɓa kai ƙarata ba. In kun ga kuskure a cikin rubutun nan ku yi mini uzuri, ba da marigayiya aka buga shi ba.

Ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Gwaggo ba kyakkyawa ba ce. Baƙa ce, mai kauri, mai nauyin da ya karkatar mini da kafaɗar hagu. Batirinta ya riga ta tafiya da shekara shida, don haka in an ɗauke wuta ita ma sai ta ɗauke. Da safe in na kunna ta sai ta yi "ƙiiit", ta yi shiru kamar mai tunanin ko ta fasa, sannan fankarta ta soma "fuuuu", haka za ta yi ta huci har a tashi aiki. Ƙananan lauyoyinmu ne suka sa mata Gwaggo don tsokana, na kuwa karɓa hannu bibbiyu, domin a gidanmu ma gwaggo ce ke riƙe asirin kowa.

Alherinta yana layin sama. Madannai goma sha biyu ne, daga F1 zuwa F12, an jera su huɗu-huɗu, da ɗan rata tsakanin kowane huɗu. Wanda bai yi aikina ba ba zai san darajar wannan ratan ba. A da Barista da hannu yake rubuto mini abin da zan buga, rubutu kamar kaza ta yi tono. Shekara huɗu da suka wuce ya ce wuyan hannunsa na ciwo, ya koma ɗaukar muryarsa a na'ura, ni kuma in saurara in mayar takarda. Da F5 nake tsayar da muryar in sake sakinta, da F6 in dawo da ita baya, da F8 in tura ta gaba. Yatsana yakan laluba ya ji rata, ya san inda yake, ya danna, ta amsa "ƙas". Wannan "ƙas" ɗin shi ne amsar sallamarta. Na sa 'yata ta ɗiga mini jan farce a kan ukun nan, na ce mata ado ne, ya bushe ya zama ɗan tudu kamar ƙwayar gero.

Babbar ɗabi'arta kuwa, wadda sai da ta kwanta ciwo na san ɗabi'a ce, ta san bambancin taɓawa da dannawa. Kana iya ɗora mata yatsa ka huta, ka yi tunani, ka amsa gaisuwar mai shigowa, ba za ta yi komai ba sai ka danna da niyya. Shekara huɗu yatsana na tsakiya yana kwance a kan F8 yana jiran umarni, ko sau ɗaya ba ta yi gaban kanta ba.

Tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗi abin da ta rufa mini. Shekara biyar ke nan yanar ido ta soma rufe mini gani. Ta fara da na dama, ta bi na hagu a hankali, har duniya ta koma mini kamar ana kallonta ta gilashin da aka shafa wa sabulu. Ban gaya wa kowa ba. Mahaifiyata da ƙafarta ta shiga ɗakin aikin ido, ta fito da sanda, kuma ni ce na riƙe mata sandar har ƙarshen rayuwarta, shi ya sa ko warin asibiti na ji sai in canza hanya. Sannan tun da maigidana ya rasu, ofishin nan shi ne inda nake da dalilin yin wanka da sassafe in ɗaura ɗankwali mai kyau. Wa zai riƙe sakatariyar da ba ta gani? Ranar da Barista ya ce hannunsa ya hana shi rubutu, Allah ya yafe mini, godiya na yi a zuciyata. Na ƙara wa haruffan fuskar Gwaggo girma har kowane ya kusa kai babban yatsa, sauran aikin na bar wa kunne da yatsu. Takarduna suka ci gaba da fita tsaf. Ni da ita muka san yadda ake yi.

Ciwon ajalinta ya fara da zazzaɓi. Sai ta ɗau zafi har ba a iya dafa gefenta, ta mutu ana tsakiyar jimla, ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Hucin nan nata ya koma "garrr, garrr", kamar mai kakin majina. Na ɗauke ta a jaka na kai wa mai gyara, wanda shagonsa ke ƙarƙashin matakalar benenmu. Ya kwance ta, ya leƙa da tabaraunsa, ya girgiza kai, ya ce a bar ta a gani, sai dai kayan irinta sun daɗe da ɓata a kasuwa.

Da ɗana na fari ya ji labari, daga garin da yake aiki ya aiko mini da sabuwa. Allah ya yi masa albarka, ba ni da abin da zan ce da shi sai wannan. Ya kira ni yana murna, yana cewa, "Umma, kin huta da dukan ƙarfe. Wannan shafawa kawai za ki yi." Na buɗe ta na kai yatsa layin sama, sai na ji sulɓi. Babu madanni, babu rata, babu tudu. Wani siririn gilashi ne a shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan, da 'yan mitsi-mitsin hotuna suna haske a ciki, kuma ba sa zama wuri ɗaya. Abin da ka bari nan da safe, ka buɗe wani aiki ka tarar ya yi ƙaura. Yaran ofis suka kewaye ta suna santi. Ni dai kyan ɗan maciji na gani, in ma za a kira abin da nake yi gani. Na sa mata suna Baƙuwa.

Mako uku na yi ina fama. In zan tsayar da murya sai na sunkuya har hancina ya kusa taɓa gilashin, in yi kamar ina hure ƙura. Na gwada ɗiga mata jan farce, 'yata ta kama hannuna ta ce zan lalata kayan yayanta. Kullum na koma gida wuyana a sage, kaina na sarawa, in kwanta ko abinci ban nema ba. Gajiya ce irin wadda barci ba ya maganinta.

Ranar Litinin da ta wuce abin ya faru. Akwai wata mai ɗinki, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, za ta karɓi hayar shago a hannun wani mai gidaje. Barista ya ɗauki yarjejeniyar a murya, na zauna bugawa. Ina cikin yi masinja ya shigo ya gaishe ni, na ɗago na amsa, yatsana na tsakiya kuwa ya tafi inda ya saba kwanciya shekara huɗu. Ban danna ba, wallahi ban danna ba, ɗora shi kawai na yi. Baƙuwa ba ta san hutu ba, taɓawa a wajenta umarni ne. Ta tura muryar gaba shiru, babu "ƙas", babu komai, ta tsallake jimla guda cif, ta sauka daidai farkon wata. Na ci gaba da bugawa, kunnena bai ji giɓi ba, idon da zai kama shi kuma babu.

Jimlar da ta tsallake ita ce mai cewa ba za a tashi matar nan daga shagon ba sai bayan shekara biyar. Saboda wannan layi ɗaya ta hawo benenmu.

Al'adar Barista ce ya karanta kowace takarda a fili kafin a sa hannu. Ina jin su ta ƙofa. Ya karanta, ya karanta, sai ya tsaya cak. Mai gidajen har ya cire murfin bironsa, na ji ƙarar. Matar tana ta godiya tun kafin a gama. Sai Barista ya yi gyaran murya ya ce, "Ku yi haƙuri, firintar nan ta cinye mana layi. Ku ba mu minti goma." Ya fito da kansa, ya tsaya a kaina ya faɗi jimlar a hankali, na buga, ya koma. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari mai gyara ya hawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Anti, sai haƙuri, ta tafi." Ya ce zai iya samo mini allon madannai na daban in jona wa Baƙuwa, mai layin sama da ratansa. Na gode masa, zan kuma karɓa. Amma tun kafin ya sauka na san ba madannai kaɗai aka rasa ba. Na kusa jefa marayu huɗu a titi saboda ina tsoron likita, wannan kuwa babu allon da zai gyara shi.

Na tashi na ƙwanƙwasa ƙofar Barista.

"Yallaɓai, jiya ba firinta ba ce."

"Na sani, Malama. Zauna."

"Idona ne. Shekara biyar ke nan."

Na ji ya jawo takarda, na ji biro yana gudu a kanta, layi bayan layi, da wannan hannun da aka ce ba ya riƙe cokali sai da dabara.

"Hannuna bai taɓa ciwo ba," in ji shi. "Kin tuna wata safiya da kika shigo kika yi wa rigata ta kotu ina kwana, tana rataye a ƙusa? Har iyali kika tambaye ta. Ina zaune a can kusurwa. A ranar na aika aka sayo na'urar murya."

Na so in yi dariya, sai kuka ya riga ta fitowa. Shekara huɗu ina ɓoye wa mutumin da yake taya ni ɓoyo. Kunya ta rufe ni, sannan wata irin gajiya ta sauko mini, har na ji ba zan iya tashi daga kujerar ba. Ya buɗe aljihun tebur ya sa mini wani kati a tafin hannu, gefensa duk ya yi laushi don daɗewa. Ya ce na likitan ido ne.

"Na yi ta jiran ki faɗa da bakinki," ya ce. "Wataƙila na yi kuskure da na jira. Kujerarki za ta jira ki wata biyu. Bayan nan sai abin da likita ya ce, domin takardun nan na mutane ne, Malama, ba nawa ba ne, ba naki ba ne."

Gaskiya ya faɗa, ban kuma yi musu ba.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin baƙin salatif a wuri uku, da jaka mai mataccen zif, da iyafis da kunne ɗaya ke aiki. Ta bar maƙwabciyarta firinta, wadda aka ɗora wa laifin da ba nata ba, muna kuma neman afuwarta a bainar jama'a. Ta bar takardu dubbai a kotuna da gidajen mutane, babu wadda aka taɓa dawo mana da ita. Ta bar ni, ba ni da wurin ɓuya.

Za a yi sallama da ita ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe, a shagon mai gyara, ƙarƙashin matakala. Na san ba a yi wa na'ura salla, kada kowa ya wahalar da kansa ya tuna mini. Ba za a binne ta ba, mai gyara zai raba sassanta ga 'yan'uwanta marasa lafiya, fuskarta ma har an riga an yi kamu. Abu ɗaya na roƙa, ya ɓalle mini F5 da ɗigon jan farcensa. Shi zan riƙe a hannu in an kwantar da ni a ɗakin aikin ido.

Ba za a yi zaman makoki ba, domin ƙarfe goma sha ɗaya na ranar 'yata za ta raka ni asibiti, kuma ban san da wane idon zan fito ba. Masu son yi mini ta'aziyya, don Allah kada ku rubuto. Na gaji da riƙe takarda a gabanku ina gyaɗa kai kamar ina karantawa. Ku zo gida ku faɗa mini da baki, in kun shigo kuma ku faɗi ko ku wane ne.