Yadda Za Ka Cusa Injin Ƙatuwar Mota a Cikin 'Yar Ƙaramar Motarka Ka Burge Surukai

Idan kana da 'yar ƙaramar mota, irin wadda in ka yi atishawa a ciki sai gilashin baya ya yi raɓa, kuma surukanka har sun raɗa mata suna, gyara zama. Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan ba tsallake, ba za a ƙara taro a dangin matarka a watse ba a ambaci sunanka ba. Kada ka damu da cewa mai ba ka shawarar bai taɓa mallakar abin da ya fi keke ba, shi ma sarƙarsa ta tsinke tun gashin kansa yana baƙi. Na ga aikin da idona a hannun maƙwabcina Boakye Dankwa, mai sayar da fenti a Bantama, nan Kumasi, kuma da ni aka yi komai.

Mataki na 1: Ka samo wulaƙanci mai inganci

Ba don gudu ake sa babban inji ba. Don haushi ake sa shi. In ba ka da haushi, tun a farkon walda za ka gaji.

Boakye ya samo nasa a hawan Mampong, ranar da ya ɗauko matarsa Afrakoma da uwarta, Maame Serwaa, za shi kai su ƙauye. A tsakiyar hawa motar ta yi tari ta mutu. Tsohuwa ta fito, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta kama hanya da ƙafa. Sai ga Sarpong, mijin ƙanwar Afrakoma, wanda ya yi zaman Jamus ya dawo da mota mai tsayin ɗakin soro. Ya sauke gilashi a hankali.

"Yaya, sannu da aiki. In kwashi mata, ita kuma motar ka miƙo ta taga a riƙe maka a cinya?"

Tun ranar dangi ke kiran motar Gwangwanin Madara. Ka nemi wulaƙanci irin wannan. Yana daɗewa bai lalace ba.

Mataki na 2: Ka jira a yi mutuwa

Biki yana zuwa da gaggawa, amma mu nan ba ma hanzari da gawa. Mamaci zai kwanta a ɗakin sanyi har 'yan uwa na ƙetare su samu hutu, a yi wa gida fenti, a gama faɗa a kan launin zane. Wannan lokacin duk naka ne.

Surukin Boakye, dattijo Kyei, mijin Maame Serwaa, ya rasu a kan kari. A gidansu kuwa, babban suruki, wato mijin babbar 'ya, shi ke ɗaukar matar mamaci a motarsa, ya bi bayan akwatin gawa har makabarta, gari duka yana kallo. Boakye ne babba. Amma labari ya iso cewa dattawa na tunanin ba Sarpong.

Afrakoma ta ajiye masa sakwara ta tsaya a kansa. "In aka sa uwata a motar mijin ƙanwata, kai da garinmu har abada. Ni ma da wace fuska zan shiga?"

Ka lura, ba ta ce ya sake inji ba. Motar haya ta ce ya ɗauko. Namiji mai hangen nesa yakan ji abin da mace ba ta faɗa ba.

Mataki na 3: Ka guji makaniki mai awo

Ka tafi Suame, unguwar makanikai, inda ƙarfe ke mutuwa ya tashi. Duk makanikin da ya zaro igiyar awo ya buɗe bonet, ka gaishe shi ka wuce. Awo shi ne mafarin karyewar zuciya.

Boakye ya dace da Masta Gyamfi, mutumin da ke auna komai da ido ɗaya a rufe. A bayan garejinsa akwai injin wata jibgegiyar motar Amurka, silinda takwas, kwance a kan tayoyi kamar sa a mahauta.

"Masta, zai shiga kuwa?"

"Maigida, kai da kanka ka shiga wandon aurenka ranar Ista, ina coci na gan ka. Me zai hana wannan?"

Boakye ya ce a gama magana. Ni ma na gyaɗa kai, don in ana zancen inji gyaɗa kai ne fannina.

Mataki na 4: Duk abin da ya tare hanya, a cire shi

Inji ba zai shiga ba. Wannan ba laifin inji ba ne, laifin sauran motar ne.

Batir ya koma bayan kujera. An yanke bonet aka bar kan inji a waje yana shan iska. Aka zo kan fankar da ke sanyaya lagireto, aka ga babu wurin ko cokali. Masta ya ɓalle ta ya rataye a ƙusa.

"Fanka ta masu rarrafe ce. Wannan inji iskar hanya zai riƙa sha. Kai dai kada ka yi tafiyar hawainiya, shi ke nan."

Ka riƙe wannan magana yadda Boakye ya riƙe ta, wato ka manta kafin ka kai bakin titi.

Za ka ga gaban motar ya duƙa kamar akuya tana kiwo, baya ya ɗaga. Maganinsa nauyi a kujerar baya. Wasu suna sa buhun siminti. Boakye ya dubi tumbina ya ce aboki ya fi siminti, tunda shi yana hawa da kansa.

Mataki na 5: Kada ka taɓa birki

Birkin da ya zo da motar ya isa. Wanda ya fara tunanin tsayawa tun bai tashi ba, ba shi da rabo a wannan harka.

Mataki na 6: Ka bari ƙara ta yi maka magana

Kafin ranar jana'iza ka kai ziyara. Boakye ya haye Mampong ba tare da ya san akwai hawa ba, ni kuma a baya ina karanto duk addu'ar da na sani har da waɗanda ba na cocinmu ba. A ƙofar gidan surukai ya taka totur sau ɗaya. Kaji suka watse, hoton marigayi ya faɗo daga bango, shugaban dangi, wanda muke kira Nana, ya fito da zane a hannu.

"Wane ne ya kawo injin niƙa?"

"Nana, Gwangwanin Madara ce ta zo gaisuwa."

Sarpong ya zagaya motar yana taɓe baki. "Yaya, fanka fa?"

"A Jamus ake fanka, ƙanena."

Dattawa suka ce al'ada al'ada ce, babba shi zai ɗauki tsohuwa.

Mataki na 7: Ranar, ka tuna da abin da ka manta

Asabar ta zo, gari ya cika da kayan makoki, baƙi da ja. Maame Serwaa ta zauna a gaba, fuska a rufe da baƙin gyale, ni a baya kusa da batir. Sai a lokacin muka ga abin da Sarpong ya ɗauki nauyi don kada a bar shi a baya: samari masu farin safar hannu da ke ɗaukar akwati a kafaɗa suna rawa da shi. Taku gaba, taku baya, su durƙusa, su juya, masu kakaki na busa musu. Kunkuru zai wuce su ya dawo ya tambayi lafiya.

Allurar zafi ta fara hawa. Ramin bonet ya fara huci. Wani wari ya taso kamar an manta tukunya a wuta.

"Boakye," in ji tsohuwa daga cikin gyale, "ƙafafuna suna dahuwa."

"Maame, baƙin ciki ne, haka yake sauka a ƙafa."

"Ɗan nan, na binne uwa na binne uba, ba wanda ya narkar mini da takalmi."

A nan za ka zaɓa. In ka tsaya, mota ta mutu a gaban gari, Sarpong na bayanka da ƙofa a buɗe. In ka ci gaba da rarrafe, za a yi jana'iza biyu, uku in an lissafa da ni. Boakye ya leƙo ni ta madubi. Na gyaɗa kai.

Ya taka. Muka wuce masu kakaki, muka wuce fasto, muka wuce dattijo Kyei da kansa yana tsakiyar juyi a kafaɗar samari. Gyalen Maame ya fita ta taga. Allura ta sauko, Masta bai yi ƙarya ba. Birki ya yi iyakar abin da aka halicce shi ya yi, sauran aikin gonar ayabar da ke jikin makabarta ta ƙarasa.

Mataki na 8: Ka biya tara da fara'a

Ba a wuce gawa. Ba a kuma kai matar mamaci bakin kabari ta zauna jiran mijinta. Washegari dattawa suka zauna, suka yanka wa Boakye rago da kwalaben giya, Sarpong na gefe yana ba da shawarar a ƙara da hana shi shiga gari. Afrakoma ta ƙi ko kallon inda yake.

Sai Maame Serwaa ta ɗaga hannu, da sabon takalmi a ƙafarta.

"Rago dai ya kawo. Amma tun ina yarinya nake tafiya a bayan mutumin nan, zuwa gona, zuwa coci, yana tsayawa gaisawa da kowane kututture. Jiya ne kaɗai na riga shi zuwa wani wuri. Daga yau ba na shiga motar kowa sai ta Boakye."

Haka aka yi. Yanzu kowace Lahadi sai ya haye Mampong ya kai ta coci, kowace Asabar jana'iza, ranar kasuwa kasuwa. Injin yana shan mai kamar ana zuba wa rami, ita kuma tana buga gaban mota da mafici tana cewa ya wuce wancan. Bai isa ya sayar ba, bai isa ya sake inji ba. An daina cewa Gwangwanin Madara. Motar Maame ake cewa.

Gargaɗi

Marubucin nan ba makaniki ba ne, ba direba ba ne, nauyi ne kawai a kujerar baya. Duk wanda ya bi shawarar nan ya ƙone, ko ya afka gonar mutane, ko ya wayi gari surukarsa tana ƙaunarsa, shi ya jiyo. Kada a zo gidana da ƙorafi, musamman ranar Lahadi. Ba na nan. Motar ba ta tafiya sai da ni.